Fashin baƙi kan sauya ƙafar mota mai gudu: tsayi, tauri da hanyoyinmu na Maradi

Duk saurayin da Allah ya hore ma Golf GTI ko BMW E46 ko C-Class a garin ga, da ya gama ɗokin inji sai hankalinshi ya koma kan ƙafa, wato resor da amortisa da sauran kayan da ke tsakanin taya da bodi. Bidiyon TikTok ne ke jawo mafi yawan abin, ka ga mota ta kwanta ƙasa har taya ta shige cikin bodi, ta sha kwana ko girgiza babu, sai mutum shi ce walle nima haka nika so tawa ta zama. To amma waccan motar da ka gani a kan kwaltar Jamus take, kai ko daga Ali Ɗan Tsoho zuwa Zariya kaɗai sai ka haɗu da rairayi da pave da dodan, wato tudun rage gudu, da ramin da ruwan damina ya bari. Abin da mota mai gudu ke nema a wurin ƙafarta guda ne, taya ta zauna manne da ƙasa duk yadda hanya ta kasance, kuma wanga aiki amortisa mai kyau da isasshen wurin motsi ke yin shi. Gajarta da tauri suna zuwa daga baya, in ma hanyar ta yarda.

Mu fara da abu biyu da mutane ke cakuɗawa. Resor shi ke ɗauke da nauyin mota, shi ke yanke tsayinta da yadda za ta lotsa in an taka rami. Amortisa, shokozoba kenan a bakin mutanen Katsina, ba ya ɗaukar nauyi, aikinshi shi hana resor ci gaba da lilo. Resor doki ne, amortisa linzami, in ka ƙara ma doki ƙarfi ka bar tsohon linzami ka san abin da za ya biyo baya. Shi ya sa kuskure na farko shi ne a sayo gajeren resor mai tauri a ɗora bisa amortisan da motar ta zo da shi tun daga Turai wanda ya riga ya gaji, sati kaɗan sai ka ga mota tana tsalle bayan kowane dodan, mai ya fara zubowa a jikin amortisa, mai mota kuma shina zagin resor alhali ba laifinshi ba ne.

A cikin amortisa akwai fistin da ke tura mai ta ƙananan ƙofofi. In taya ta hau sama ana danna shi, in ta koma ƙasa shina miƙewa, kuma ƙarfin dannawa daban na miƙewa daban, galibi na miƙewa ya fi. Sannan akwai motsi na sannu, wato sa'adda mota ke jingina a kwana ko ta duƙa in ka taka birki, da motsi na farat ɗaya in taya ta faɗa rami. Amortisa mai kyau shina riƙe motsin sannu da ƙarfi amma shi saki in bugu ya zo farat ɗaya, kuma a nan kuɗɗin suke tafiya. Mai arha tauri kawai ya sani, rami da kwana duk abu guda ne a wurinshi.

Sai batun bututu ɗaya da bututu biyu, wanda a zafinmu ba ƙaramar magana ba ce. Mai bututu biyu shi ne a mafi yawan motoci, mai da iska suna cikin ma'aji guda, to in ka daɗe kana gudu kan burji mai ƙunya-ƙunya irin wanda ake samu in ka sauka daga gudron ka shiga ƙauye, a watan Afrilu ko Mayu da zafi ke wuce digiri 40, man shina yin zafi har shi yi kumfa, kuma da ya yi kumfa riƙo ya tafi sai ya huce. Mai bututu ɗaya an raba man da iskar nitrojin da wani fistin na biyu, iskar tana matse da ƙarfi sosai don haka kumfa ba ta samun wuri, zafi kuma shina fita kai tsaye ta jikin bututun. Wani Bafaranshe, Christian Bourcier de Carbon, shi ya fito da dabarar, kamfanin Bilstein na Jamus ya ɗauke ta, a 1957 aka fara sa ta a motocin Mercedes. Aibinshi ɗaya, tunda bango guda ne, in dutse ya lotsa bututun fistin ya maƙale, aiki ya ƙare. Duk da haka ga wanda ke bin hanyar Tasawa da Damagaram ko ta Ƙonni da gudu, ni mai bututu ɗaya zan nuna mishi.

To me ke kasuwa? Mataki na ƙasa shi ne ka mayar da irin na kamfani sabo, Sachs ko KYB Excel-G ko Bilstein B4, kuma kada ka raina wanga mataki, mutane da yawa da ke cewa motarsu tana buƙatar ƙafar tsere sabon amortisa kawai take so. Na gaba amortisa mai ƙarin riƙo a bar resor na asali, irin Bilstein B6 ko Koni Sport mai launin rawaya na Holan wanda ake iya murɗa ƙarfin miƙewarshi. Na uku gajeren resor da amortisan da aka yi dominshi, misali Eibach Pro-Kit da ke sauke mota wajen milimita 30, a haɗa shi da Bilstein B8 wanda aka gajarta da gangan don resor kada shi yi sako-sako. Na sama shi ne koyiloba, amortisa mai zare a jiki da goro da kake murɗawa mota ta hau ko ta sauka. Kamfanin KW na da V1 da tsayi kawai ake taɓawa, V2 an ƙara ƙarfin miƙewa, V3 miƙewa da dannawa kowane da maɓallinshi. Akwai B14 da B16 na Bilstein, akwai Öhlins na Suwidin ga wanda aljihunshi ya cika, Tein na Japan, da BC Racing na Taiwan wanda samari suka fi sani don ya fi sauƙin kuɗɗi kuma maɓallin taurinshi na da danni 30.

In ka tambaye ni, mataki na biyu ya fi dacewa da mafi yawan motocin garin ga, kuma ga dalili. GTI ta 5 da ta 7 tun daga kamfani an sauke su da milimita 15 daga Golf ta kowa da kowa, BMW mai ƙafar M Sport ma an ɗan sauke ta. Wato abin da kake nema an riga an yi maka rabinshi. Abin mamaki ma, su Volkswagen da BMW ɗin da kansu suna da wani tsari na musamman da suke sa ma motocin da za a kai ƙasashe masu mugunyar hanya, kuma ɗaga motar suke yi, ba saukewa ba, BMW har faranti take ƙarawa a saman inda amortisan gaba ke ɗaure don kada ƙarfen shi kumbura. Masu ƙera motar sun ɗaga, mu kuma muna neman saukewa a kan hanyar da ta fi waccan wuya.

Ga abin da ke faruwa in an sauke da yawa. Na farko wurin motsi ya ragu. Taya tana da ƴan santimita ne kawai da za ta hau kafin ta daki robar tsayawa da ke jikin sandar amortisa, in ka cinye santimita 5 daga ciki to mota tana tafiya ne bisa robar nan kusan kullum, kuma da ta dake ta a tsakiyar kwana taurin ƙafar ya ninka nan take, taya ta saki ƙasa, mota ta zame. Na biyu shi ne lissafin hannuwan ƙafa. Golf da E46 duk gabansu tsarin MacPherson ne, hannu guda a ƙasa da ake ce ma tiriyangil, da amortisa tsaye. A tsayin kamfani tiriyangil shina kwance ko ya ɗan sunkuya wajen taya, in ka sauke mota fiye da kima sai shi koma shina kallon sama, daga nan motar ta ƙara son jingina a kwana maimakon ta rage, taya ta daina kwanciya daidai, kuma sandar sitiyari ta fara jan taya hagu ko dama da kanta duk sa'adda ka taka tudu. Wanda ya taɓa jin mota tana fizgar sitiyari a hannunshi bayan an sauke ta ya san wanga abu. Na uku kuwa kowa ya sani, karter, wato ma'ajin baƙin mai da ke ƙarƙashin inji. Na Golf 4 alminiyom ne, na GTI 7 roba ce, dodan guda na shiga gari ya isa shi fasa shi, baƙin mai ya tsiyaye, in ba ka lura da fitila ba inji ya tafi. Duk wanda ya sauke mota a nan ko da kaɗan ne to shi sa farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji.

Tsofaffin direbobinmu na tasha sun san wata magana da ta shafi wanga. Fijo 504 ba gajeriya ba ce kuma ba ta da tauri, ƙafarta doguwa ce mai laushi, amma ita ta ci tseren Safari na Kenya a 1975 a hannun Ove Andersson, ta sake ci a 1978 da Jean-Pierre Nicolas. Har yau motar rali guda ɗaya in za ta hau kwalta sai a sauke ta a ƙara tauri, in za ta hau burji a ɗaga ta a sassauta. Hanya ke yanke hukunci, kuma tamu ta fi kusa da burji.

Yanzu lambobin resor, don masu sayarwa suna son ruɗa mutum da su. In ka ga 6K ko 8K a jikin resor, nufinsu kilo 6 ko 8 ke lotsa shi milimita ɗaya. Turawa na rubutawa da N/mm, kilo 1 kusan 9.8 kenan, ƴan Amurka kuma da lb/in, kilo 1 kusan 56. Resor na gaban ƙaramar mota daga kamfani galibi bai wuce kilo 2 zuwa 3 ba, to ka ga wanda ya sa 8 ko 10 ya ninka taurin sau uku ko fiye. Amma lambar kaɗai ba ta isa ba, sai ka duba inda resor yake zaune. A gaba mai MacPherson shina dab da taya, kusan duk taurinshi taya ke ji. A bayan E46 ko Golf 5 kuwa shina zaune can tsakiyar hannu, to in taya ta hau milimita 10 resor ya lotsa 7 kawai a misali, sai ka ninka 0.7 da kanta ka samu 0.49, wato resor mai kilo 10 taya kilo 4.9 take ji. Shi ya sa za ka ga lambar baya ta fi ta gaba girma a wasu motoci, ba kuskure ba ne, kuma shi ya sa ba a kwafo lambar motar wani a ɗora ma taka in tsarin ƙafarku ba ɗaya ba.

Injiniyoyi da saurin lilo suke auna abin. Motar gida tana lilo sau 1 zuwa 1.5 a sakan, mai gudu ta titi 1.5 zuwa 2, abin da ya haura 2 na filin tsere ne. Kuma tun shekarun 1930 Maurice Olley na General Motors ya nuna cewa gara baya shi ɗan fi gaba saurin lilo, don gaba ke fara hawa tudu, baya na buƙatar shi cim mishi su sauka tare, in ba haka ba mota ta dinga sunkuyo da ɗagowa bayan kowane dodan. In za ka yi odar koyiloba kuma kamfanin ya ba da zaɓin resor, ɗauki mai laushi.

Jinginar da ke damunka a kwana ma ba sai da resor mai tauri ake maganinta ba, akwai sandar da ta haɗa ƙafar hagu da ta dama, barstab. Taurinta shina hawa da sauri ƙwarai, daga milimita 22 zuwa 25 kauri uku kawai aka ƙara amma taurin ya ƙaru da wajen kashi 67 cikin 100. In ka ƙara ta gaba mota za ta riƙa tura hanci waje a kwana, in ka ƙara ta baya gindi ke saurin juyowa. Masu Golf da ke jan gaba sukan ƙara ta baya kaɗan don motar ta yarda ta shiga kwana, amma mai BMW da ke tura baya shi yi hattara, rairayin da iska ke watsowa bisa gudron ya isa shi juya shi.

Taya ma ƙafa ce. 205/55 R16 gefenta milimita 113 ne, 225/45 R17 kusan 101, 225/40 R18 90, 225/35 R19 kuwa 79 kacal. Wanga gefen roba shi ne abu na farko da ke shanye rami kafin resor shi ji labari, in ka rage shi janti ke sha, ga nauyin babban janti da ke wahalar da amortisa. A nan janti mai inci 17 ya isa, 18 iyaka ce.

Wajen saye a kula. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya sun ƙara nisa, wasu ta Lome suke biyowa wasu ta Kano da Katsina su shigo ta Ɗan Issa, in aka aiko maka da ba daidai ba mayarwa aiki ne. Ka ba da lambar shasi, ba sunan mota kawai ba. Golf 5, 6 da 7 gindin amortisan gabansu akwai mai milimita 50 akwai mai 55, sai an auna. Golf 7 mai ƙaramin inji bayanta sanda guda ce, GTI kuwa hannuwa da yawa, kayansu ba sa shiga juna. E46 mai silinda 4 da mai 6 resor ɗinsu daban don nauyin gaba ba ɗaya ba ne. In motarka tana da amortisa mai lantarki, DCC a Volkswagen ko EDC a BMW, cire shi zai kunna fitila a dashbod sai an sa ɗan akwatin da ke rufe bakin kwamfuta. Jabu kuma ya yi yawa, launin rawaya da sitika ba su ne Bilstein ba, in kuɗɗin ya yi ƙasa da hankali to araha ba ta ado. Na hannu da aka ciro daga motar Turai ba ka san kilomita nawa ya ci ba, gwada shi da hannu kuma ba ya nuna komai sai in ya mutu sarai. Ka kuma tambayi kanka, in guda ya zubar da mai wa zai gyara? KW da Öhlins sai an aika su wurin masu sabis ɗinsu, BC aƙalla suna sayar da bututun shi kaɗai ka sauya.

Ranar ɗaurawa, kafin a buɗe kwali ka ce ma patoron gareji a duba silanbulok, wato robobin da ke mahaɗar hannuwan ƙafa, da rotil, gaɓar nan mai ƙwallo, da biyelet, ƴar sandar da ta haɗa barstab da ƙafa, da robar saman amortisa, duk wanda ya yi wasa a sauya shi, don sabon amortisa bisa mataccen silanbulok asarar kuɗɗi ce. Mai E46 shi sa a leƙa inda gadon ƙafar baya ke ɗaure da bodi, an san motar da tsagewa a wurin kuma ƙafa mai tauri ƙara mata take. A auna tsayi daga tsakiyar janti zuwa bakin bodi a kusurwa huɗu a rubuta, ba daga ƙasa ba don iskar taya na sauya awon. Kada yaran gareji su kama sandar amortisa mai sheƙi da filaya, ƙarzuwa guda ta isa ta cinye sil, robar da ke hana mai zubowa, kuma kada a ɗaure goron sama da bindigar iska. Resor da abin matse shi ake cire shi, ba da waya ko igiya ba, ya karya hannuwa da yawa. Yanke resor ko gasa shi da wuta don mota ta sauka kuwa, wannan ko a fara. Abin da aka fi mantawa shi ne notocin da suka ratsa silanbulok, ba a ƙarasa ɗaure su mota na rataye bisa jak, sai ta sauka nauyinta na kan tayoyi, in ba haka ba robar tana zaune a murɗe kullum ta yage da wuri.

Mai koyiloba shi fara da tsayin da ya fi kusa da na kamfani, bisa daɓe mai daidai, a kwance biyelet guda kafin a daidaita hagu da dama don barstab kada ta yi ƙarya. A ɗaga motar a tabbata resor bai yi sako-sako ba in taya ta rataya. Inda akwai sikelin taya huɗu, ana so nauyin gaba-hagu da baya-dama in an haɗa shi zama rabin nauyin motar da direba a ciki, shi ke sa kwanar hagu da ta dama su zo iri ɗaya.

Bayan ƴan kwanaki resor ya zauna sai paralelizim, wato saita tayoyi su miƙe daidai, kuma dole ne ko da milimita 10 ka taɓa. Nemi wurin da ke auna ƙafa huɗu ko da sai ka haɗa da tafiyar Yamai ko Kano. Jinginar taya ciki, karosaj, digiri 1 zuwa 1.5 a gaba ya wadatar ma titi. Amma abin da ke cinye taya da gaske shi ne in bakinta na kallon ciki ko waje fiye da kima, a bar shi kusa da na kamfani, baya kuma kullum shi ɗan kalli ciki don mota ta tsaya a gudu. Mai fitilar zenon shi sa a sake saita ta don na'urar tsayinta a jikin ƙafa take.

Maɓallin tauri kuma, mafi yawan kamfanoni daga can ƙarshen tauri ake fara ƙirga danni a dawo baya, kuma ba a matsa shi da ƙarfi in ya kai ƙarshe. Fara da lambar da ke takardar, ka gwada iskar taya da safe tana sanyi, ka zaɓi hanya guda da ka sani mai kwana da tudu, nesa da kasuwa da ƴan kabu-kabu da amalanke da bisashe, ka riƙa bin ta. Danni biyu za ka sauya a lokaci guda, gaba kaɗai ko baya kaɗai, ka rubuta. In mota tana lilo sau biyu ko uku bayan tudu miƙewa ta yi laushi. In ko ka bi ƙunya-ƙunya ka ji tana ƙara nutsewa tana ƙara tauri, miƙewa ta yi yawa, resor bai samu komawa ba wani bugun ya zo. In taya na tsalle tana sakin ƙasa bisa pave dannawa ce ta yi yawa. Mafi yawanmu wajen laushi za mu ƙare, kuma ba abin kunya ba ne.

Sai ƙura. Robar da ke rufe sandar amortisa kada a jefar da ita, in ta yage a sauya, ƙurar hunturu da mai in sun haɗu sil suke ci. Saman amortisa mai ƙwallon ƙarfe da ke zuwa da wasu koyiloba rairayi na saurin kashe shi ya fara ƙwanƙwasa, in akwai zaɓin mai roba ɗauki shi. Zaren koyiloba a wanke shi a shafa mishi maganin hana tsatsa kafin damina da bayanta, a sa mishi riga in an samu, in ba haka ba ranar da za ka so ɗaga motar goron ya riga ya kafe. Bayan tafiyar farko mai nisa a koma gareji a sake bin notocin ƙafa da goron kulle ɗaya bayan ɗaya.